Babbar Rigar da Muka Sa wa Tsohon Minista

Har yau idan na ji ƙamshin dambun nama sai raina ya ɓaci. Dambun bai yi mini laifin komai ba. Ni na yi shi da hannuna, na wuni a tsaye a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Hulme ina dakawa ina soyawa, aka ɗauka aka kai wa mutumin da ya rushe mana zauren unguwa.

Karatun maigidana ne ya kawo mu Manchester. An ba shi tallafin yin digiri na uku, ni kuma na biyo shi da yara uku. Mun faɗo ne a shekarun nan da gwamnatin Birtaniya ta ce za ta tsuke bakin aljihu. Ni ban san lissafinsu ba, abin da idona ya gani dai ƙofofi ne. Yau ka wuce laburare a buɗe, wani watan ka tarar an garƙame. Wurin wasan yara, wurin da tsofaffi ke haɗuwa su sha shayi, haka aka yi ta bin su ana rufewa.

Autata ta kai shekara huɗu ba ta magana. Ba kurma ba ce, cokali ya faɗi a kicin tana ɗaki za ta zabura. Sai dai ba ta son hayaniya, ba ta kallon idon mutum, kuma idan baƙo ya taɓa ta sai ta toshe kunnuwanta da tafin hannu ta sandare. Surukata ta yi ta bugo waya daga gida a kan a nemi rubutun sha. Mun yi addu'a iyakar iyawarmu, mun kuma je wurin likita. Likitan ne ya tura mu zauren unguwa.

Tsohon gini ne na jan bulo a kan hanyarmu ta zuwa Rusholme. Wata ƙungiyar agaji ce ke da shi, kansil, wato ƙaramar hukumar garin, kuma na ba ta kuɗin tafiyar da shi. A ƙasa akwai babban ɗaki. Nan 'yan'uwanmu Kirista na Jos da kudancin Kaduna ke yin sujadarsu da Hausa ranar Lahadi, nan muke yin suna da walima, nan wasu tsofaffin mata 'yan China ke haɗuwa tsakiyar mako su ci abincin rana suna ta ƙyaƙyata dariya. A sama kuma akwai wani ɗan ɗaki mai duhu-duhu, ƙasansa laushi kamar katifa. A kusurwarsa an kafa dogon bututun gilashi cike da ruwa, kumfa na tashi a ciki, launinsa na sauyawa. Wata Baturiya mai furfura ce ke kula da yara irin autata a wurin. Ba ta taɓa matsa mata ba. Sai dai ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta yi shiru, ta jira.

A gaban wannan bututu 'yata ta fara magana. Ina zaune a bayanta ina ta surutuna da Hausa kamar yadda na saba, ina cewa ga ruwa, kin ga ruwa, sai ta ɗora tafin hannunta a gilashin ta ce, “Ruwa.” Ba Umma ta fara cewa ba, kuma wallahi ban ji kishi ba. A kan wannan shimfiɗa mai laushi na yi sujadar godiya, Baturiyar tana ta miƙo mini tishu. Bayan wannan sai kalmomi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya: takalmi, madara, a'a. Musamman a'a.

Ana haka sai labari ya zo cewa an yanke kuɗin da ake ba ginin. Masu kula da shi suka ce hanya biyu ce: ko su sayar wa wani attajiri da zai rushe ya gina ɗakunan haya na ɗalibai, ko su ba mutanen unguwa lokaci su haɗu su karɓi tafiyar da shi. Suka ce za a yi taro a zauren, za su saurari duk masu amfani da wurin kafin su yanke.

Maƙwabciyata ce ta gaya mini ko wane ne attajirin. Musulma ce daga wata ƙasa can kudu maso gabashin Asiya, ita ma mijinta ɗalibi ne, mukan tafi sayen kifi tare. Da na faɗa mata sunan sai ta ajiye ledar da ke hannunta.

“Wannan ai ministanmu ne,” ta ce da Turancinta mai sauri. “Tsohon ministan gidaje.”

Ta ba ni tarihinsa muna tsaye a matattakala. Asalin kakanninsa 'yan China ne, leburanci ya kai su ƙasar. Shi ya fara ne a matsayin matashin lauya mai kare makarantun mutanensa, da yake su tsiraru ne a can. Talakawansu suka ɗauke shi a kafaɗa har majalisa. Daga nan ya shiga jam'iyyar da ke mulki, aka ba shi minista. Yana minista aka tashi tsohuwar kasuwar da mahaifiyarsa ta taɓa sayar da taliya, aka gina kantuna masu gilashi. Da zaɓe ya zagayo mutanensa suka kayar da shi, sai ya ce dama ya gaji da siyasa, ya koma sayen gine-gine a ƙasashen waje.

“Lokacin kamfe,” in ji ta, “babu kayan ƙabilar da bai sa ba. Ya sa namu, ya sa na Indiyawa, ya sa na mutanen ƙauye. Kowane kaya ya sa sai ya yi masa kyau. Ki gaya wa mutanenki su yi hankali.”

Na gaya musu. A falonmu ma aka yi zaman, ina kawo shayi ina jin komai. Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa, wanda kowa ke kira Ciyaman, dattijo ne da ya daɗe a ƙasar, mai son a ce shi ya gyara. Yana jin an ce tsohon minista sai fuskarsa ta washe.

“Ashe ma babban mutum ne! To ai magana ta zo da sauƙi. Babban mutum ba a yi masa ihu a bainar jama'a. Zuwa ake yi a gaishe shi, a girmama shi, a roƙe shi cikin sirri. Mu ba mu san manya ba ne?”

Akwai wata nas 'yar Jos a zaman, ta girme ni nesa, muna ce mata Anti. Ita ke riƙe da makullin zauren ranar Lahadi. Ta ajiye kofinta da ƙarfi.

“Ciyaman, nan fa ba gida ba ne. A nan kujeru ake dubawa. In an zo mitin an ga kujerunmu ba kowa, shi ke nan.”

“Anti, ke dai kin cika zafi. Mutum ya ci abincinka, ya sa rigarka, sannan ya kore ka? A ina aka taɓa yi?”

“A ko'ina,” in ji Anti. “Kai daga wace ƙasa ka fito?”

Maza suka yi dariya, suka ce Anti ba ta da dama. Daga nan aka wuce maganarta kamar ba a yi ba. Aka yanke za a je Birmingham, inda ofishinsa yake, da abinci da babbar riga. Ciyaman ya ciro wata shadda fara ƙal da ya ajiye wa Sallah, mai aikin aska takwas, da hula ƙube. Ni aka ba girki, wai hannuna ya fi na kowa. Na gaya wa maigidana hankalina bai kwanta ba. Ya ɗago daga kan kwamfutarsa, idonsa ja saboda rashin barci, ya ce, “Maman yara, don autarmu ake yi. A gwada wannan ɗin, in Allah ya so a dace.” Na yi girkin da zuciya ɗaya, ina yi ina salati, ina roƙon Allah ya sanya tausayi a zuciyar bawan nan nasa.

Da autar na tafi, don ba ta zama wurin kowa. Muka sauka a unguwar Ladywood, gidan wani ɗan'uwanmu, muka ɗumama masa da miyar taushe, muka juye a kuloli. Ofishin yana saman wani dogon gini a tsakiyar gari. Mu wajen ashirin muka cika lif har sau biyu, maza sun sha manyan kaya, ƙamshin turare da na daddawa sun gauraye.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: ban taɓa ganin mai iya karɓar baƙi kamarsa ba. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai tabarau, murya ƙasa-ƙasa. Shi ya fara yi mana sallama, ya kuma yi ta daidai. Bai miƙa wa mata hannu ba, sai ya dafa ƙirji. Ya ture cokali ya ci masa da hannu, ya ɗebi dambu ya lumshe ido, ya tambayi wa ya yi. Aka nuna ni. Ya ce ya tuna masa da wani naman da kakarsa ke yi. Ya ba mu labarin kakansa da ya sauka daga jirgin ruwa ba shi da komai sai tabarma, ya ce ya san zafin zama baƙo a ƙasar mutane, ya san darajar wurin da baƙi ke haɗuwa su ji yarensu. Na ga wani daga cikin mazanmu yana share ido.

Ciyaman ya miƙe ya yi jawabi, yana Turanci yana cusa “ranka ya daɗe” a tsakiya. Ya roƙe shi ya bar mana zauren. Tsohon ministan ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce zuciyarsa na tare da mu, kuma ba zai manta da wannan rana ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na sha maimaita maganar a raina, babu inda ya ce zai bari. Mu ne muka ji abin da muke so mu ji.

Aka warware rigar aka zura masa. Ta yi masa yawa, Ciyaman da kansa ya durƙusa yana naɗe masa hannuwan a kafaɗa, ya karya masa hular. Sai ga wata budurwa ta fito daga ɗakin gefe da ƙatuwar kyamara a wuya, a shirye tsaf. A lokacin ban kawo komai ba. Aka jera mu. Autata tana maƙale da zanena, sai kawai ya sunkuya ya ɗauke ta. Ta sandare, ta toshe kunnuwa, ta buɗe baki ba sauti. Na yunƙura zan karɓe ta, wani ya ce, “Hajiya, bari a ɗauka mana, albarka ce.” Hasken kyamara ya walƙa. Ranar har muka dawo Manchester ba ta ce ko a'a ba.

A mota maza sai murna. Ciyaman ya ce, “Kun gani? Har ya tambayi yadda ake dambu!” Sannan ya kafa doka: kada wanda ya je taron zauren. Wai abin kunya ne a ce mun roƙi mutum a ofishinsa, mun sa masa riga, sannan a gan mu cikin masu ɗaga masa murya. Zai ce mu mutanen banza ne.

Ranar taron na nemi izinin maigidana. Ya ce, “Ki je, amma ki zauna daga baya.” Muka tafi ni da Anti.

Zauren ya yi rabi. Turawan unguwa sun zo, Baturiyar ɗakin sama ta zo. Tsofaffin matan nan 'yan China sun zo gaba ɗayansu da sandunansu, sun cika layin gaba, kuma ba don goyon bayan tsohon ministan suka zo ba. Gefen da aka tanadar wa mutanenmu, mu da muka fi kowa amfani da ginin, kujeru ne jere ba kowa. Shi bai zo ba, lauyansa ya turo, wani matashi mai laushin baki. Ya yi bayanin ɗakunan da za a gina, sannan ya ce maigidansa ya tattauna da al'ummar da abin ya fi shafa, kuma sun yi masa kyakkyawar tarba. Ya kunna majigi.

Ga mu a bango, manya-manya. Ga shi a tsakiya cikin shaddar Ciyaman, hula a karye, mazanmu kewaye da shi haƙora waje. Ga kulolina a kan tebur. Ga 'yata a hannunsa, tafin hannu a kunne, baki buɗe. Wanda bai san ta ba zai rantse dariya take yi.

Wata daga cikin masu kula da ginin ta dubi kujerun nan, ta dubi bango, ta tambaya ko akwai wani daga wannan al'umma da ke da ja. Anti ta miƙe ta yi magana mai kyau, ta ce roƙo aka je yi ba mubaya'a ba. Lauyan ya ce ya fahimta, kowace al'umma akwai masu ra'ayi daban. Ban san lokacin da na miƙe ba. Turancina na sakandare ne, amma na faɗa. Na ce waccan 'yata ce. Na ce ba dariya take yi ba, tsoro take ji. Na ce a ɗakin da ke saman kanmu ta koyi magana. Daga nan na zauna. Lauyan ya sunkuyar da kai, ya ce labarina ya taɓa shi ƙwarai.

Da aka tashi, ɗaya daga cikin tsofaffin matan nan 'yan China ta tako da sandarta ta kama hannuna. Ta nuna bangon da hoton ya ɓace, ta ce, “Mu ma ya zo mana da kek ɗin da muke ci a bikinmu na wata. Mun karɓa mun cinye, kuma ga mu mun zo.” Ta bubbuga bayan hannuna. “Ku ina mazanku?”



An sayar. Ba zan ce hoton kaɗai ya jawo ba, wataƙila ko mun cika zauren har waje ƙarshenta haka za a yi. Amma an ce za a saurare mu, kuma mu muka ƙi zuwa a saurare mu, muka aika da hotonmu muna dariya. Wannan shi ke ci mini rai. Shi tsohon ministan ɗan kasuwa ne, tun yana minista haka yake, an ma gaya mana. Mu kuwa mun baro ƙasar da muka gaji da durƙusa wa manya, muka tsallako teku, da aka ba mu kujera aka ce ku zauna ku faɗi ra'ayinku, sai muka tafi neman wanda za mu durƙusa wa. Masu digiri biyu, masu digiri uku, suna rububin gyara wa mutum hula.

Bayan an rufe, duk safiyar ranar da muka saba zuwa sai autata ta ɗauko takalminta ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kuka. Tsayuwa kawai take yi, takalmi a hannu, har ta gaji. Na bi ofis-ofis neman wani wurin, ko'ina sai a ce layi ya yi tsawo, an rage ma'aikata, mu jira. Baturiyar ta koma aiki a wani gari. Kalmomin suka fara komawa inda suka fito. Madara ta tafi, takalmi ya tafi. Na sayi fitila mai sauya launi, na cika kwalba da ruwa, na rufe labule. Ta dube su sau ɗaya ta juya baya. Maigidana ya daina zuwa zaman ƙungiya. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban tayar ba, amma na sha ganinsa yana kallonta a bakin ƙofar nan ya ture kwanon abincinsa.

Da ya gama karatu ya samu aiki a Birmingham, muka koma Ladywood. A nan, bayan dogon jira, aka samu wata makaranta da ta karɓe ta. Yanzu tana magana, alhamdulillahi, da Turancin Birmingham ma, mai jan baki. Amma malamanta sun ce shekarun farko su ne suka fi muhimmanci, kuma waɗannan babu mai dawo mana da su.

Wata Sallah Ciyaman ya zo gari, ya biyo gidanmu. Baƙo ne kuma dattijo, na shimfiɗa masa abinci kamar yadda ya kamata. Yana ci yana labari, har ya gangaro kan zauren. Ya ce ya wuce ta wurin, ginin ya yi kyau, hawa-hawa, ɗalibai sun cika shi. Ya ce komai ƙaddara ce.

Na ce, “Alhaji, na yi imani da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta ce kada kowa ya je mitin ba. Kai ka ce.”

Maigidana bai ce in yi shiru ba. Ciyaman ya yi 'yar dariya, ya goge hannu.

“Hajiya, har yanzu abin na ranki? Ai mutumin nan yana ganin girmanmu. An ce hotonmu na nan rataye a ofishinsa.”

Ya waiga ya hango autar a bakin ƙofar falo, ta yi tsawo. Ya miƙa mata hannu.

“A'a, ga 'yar hoton nan! Zo ki gaishe da Baba.”

Ta dube shi, abin da ba ta cika yi wa kowa ba. Ta ce, “A'a.” Ta juya ta shige kicin, sai muka ji ta buɗe famfo har ƙarshe. Haka take yi in ranta ya dagule, ta tsaya ta sa hannu a ƙarƙashin ruwan.

“Ba za a kashe ba?” in ji Ciyaman. “Ruwa fa na zuba.”

Na ce a bar shi ya zuba.